Kundin waƙa mai faifai biyu, ko ya cancanci tsawonsa?

Malam, ka tambaya ko kundin waƙa mai faifai biyu ya cancanci tsawon da ake ja masa. A ganina dai, yawancinsu ba su kai ba.

Asalin abin ƙarancin wuri ne. Faifan garmaho na LP, kowane gefe minti 20 da 'yan kai yake ɗauka, don haka mai waƙoƙin awa ɗaya da rabi tilas ya raba su faifai biyu. Haka Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, suka yi a 1968 da kundinsu da ake kira White Album, waƙa 30 cif, har furodusansu George Martin ya ce gara a ce an tace su an fitar da faifai ɗaya. Na goyi bayansa. In na kunna kundin nan, akwai waƙoƙin da yatsana ke tsallakewa tun ba su buɗe baki ba.

Kundin The Wall na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a 1979, shi kam daban ne. Labari guda ake ja daga farko har ƙarshe, ka yanke rabi ka kashe shi.

Akwai kuma lissafin kasuwa. A Amurka, RIAA, ƙungiyar kamfanonin waƙa mai ba da shaidar yawan kwafin da aka sayar, tana ƙirga kundi mai faifai biyu da ya haura minti 100 a matsayin kwafi biyu, kuma ina zargin wasu kamfanonin wannan garaɓasar suke hange.