Hukuncin aikin tsinkar inabin giya a Manduria, ƙasar Italiya

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a yankin Puglia da ke kudancin Italiya, aikin gona nake yi. An ba ni aikin tsinkar inabin Primitivo a kusa da Manduria. Ban taɓa shan giya ba, kuma ɗanyen inabi kawai zan taɓa. Kuɗin nan halal ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, inabi halal ne, noma shi ma halal ne. Abin dubawa shi ne inda za a kai wanda ka tsinka.

Primitivo ba inabin ci ba ne, na matsa ne. Manduria tana lardin Taranto, wuri mai zafin rana da ƙarancin ruwan sama a bazara, inabin kuma iri ne mai nuna da wuri, tun ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, yana kuma tara sukari sosai. Ana murƙushe shi, a bar ruwan tare da ɓawon har ya yi ja, yis kuma ya mayar da sukarin barasa. Kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, kuma giyar da ke ɗauke da sunan Primitivo di Manduria ba ta yin ƙasa da kashi 13.5. Wannan hamru ce, wato giya mai sa maye, babu tantama, ita ce ta aya ta 90 a Suratul Ma'ida.

Tunda haka ne, aikin bai halatta ba. Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo a aya ta 2 ta wannan sura. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta. Ka lura, abin da mai matsa yake matsawa ruwan inabi ne mai zaƙi, bai riga ya zama giya ba, amma la'anar ta same shi saboda manufar. A kan haka malamanmu na Malikiyya suka haramta sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. An naƙalto sassauci daga Imam Abu Hanifa game da sayar da ruwan inabi, sai dai hujjar jumhur, wato mafi yawan malamai da suka haramta, ta fi ƙarfi, balle a gonar da aka shuka tun asali don giya.

Ba duk gonar inabi ce haka ba. Puglia ce kan gaba a Italiya wajen inabin ci, musamman wajen Rutigliano da Noicattaro kusa da Bari. Za ka gane shi: ana ɗora shi a kan rumfa, sau da yawa a rufe da leda, ƙwayarsa manya, ana yanka shi da almakashi a hankali a jera cikin ƙananan akwatuna. Na giya kuwa ƙwayarsa ƙanana ne, jibge shi ake yi a manyan kwanduna zuwa matsa. Aikin inabin ci halal ne, haka tumatir a Foggia da zaitun idan kaka ta shiga. Ka tambayi mai gona tun kafin ka karɓi almakashi.

Abin da ka karɓa kafin ka san hukunci, ka ci abinka. Idan kuwa babu abinci ko wurin kwana, kuma ka nemi wani aikin da gaske ka rasa, ka yi gwargwadon lalura kana ci gaba da nema. Ƙarin albashi kaɗai ba lalura ba ce. Wallahu a'alam.