Kimiyya a bakin kasuwa: tukunya cikin tukunya

Tambaya: Ni malamin sakandare ne. Ƙungiyar 'yan gwari ta ba ni minti 30 ranar kasuwa in yi musu bayanin kimiyya, ga shi ba ni da kayan gwaji. Da me zan fara?
Wani malami daga Haɗeja

Amsa: Malam, fara da abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, wato ruɓewar tumatir. Ka sa kowa ya jiƙa bayan hannunsa ya hura. Sanyin nan da ya ji, ruwa ne ke tafiya da zafin fata yayin da yake bushewa. Daga nan sai ka kawo dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Nemi tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, waɗanda ba a yi wa fenti ba. Zuba yashi a cikin gindin babbar, ka sa ƙaramar a kansa har bakin tukwanen ya daidaita, ka bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakaninsu, ka cike ta da yashin rafi, ka jiƙa shi sharaf. Zuba tumatir a ƙaramar, ka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. A ƙara ruwa safe da yamma, don bushewar ruwan yashin ce ke tafiya da zafin ƙaramar tukunyar, kamar yadda aka ji a bayan hannu.

Amma kada ka haɗa ta ranar kaɗai, don tana ɗaukar sa'o'i kafin ta yi sanyi. Tun saura mako guda, ka raba tumatir ɗin kwando ɗaya gida biyu a gaban shugaban ƙungiya, rabi a tukunya, rabi a kwando, duk a inuwa ɗaya. Ranar kasuwa su buɗe da hannunsu, su matsa, su ƙirga ruɓaɓɓu. Ɗan kasuwa ya fi yarda da abin da ya ƙirga da kansa.

Inda ake samun cikas: ajiye ta a rana ko a ɗakin da iska ba ta ratsawa, barin yashi ya bushe, da ruwa mai gishiri da ke toshe ƙofofin jikin tukunya. Da damina kuma aikinta kan ragu sosai, domin iska ta riga ta cika da laima, don haka ka yi gwajin da rani. Ka kuma faɗa musu gaskiya: ba firji ba ce, ba a ajiye nama a ciki, kuma albasa da tafarnuwa ba sa son danshinta.