Amsoshin Tambayoyinku: Kada Ka Sayi Turbo Kafin A Duba Tiyo Da Fulogi

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, ba mai iya zuba ido allurar tanki tana sauka babu dalili. Shi ya sa tambayoyin wannan mako kusan duk a kan tsofaffin motoci masu turbo (farfelar da hayaƙi ke juyawa ta tura ƙarin iska cikin inji) suka zo.

Tambaya: Ina da Passat 1.8T ƙirar 2004. Kwanan nan in na taka totur, musamman wajen hawan gada, sai ta yi jim kafin ta ja, ga baƙin hayaƙi, ga shan mai ya ƙaru. Bakanikena ya ce turbo ya mutu, in kawo kuɗi ya samo tokumbo (na hannu daga waje) a kasuwar kayan mota ta Ladipo. In ba shi? (Wani Alhaji, Agege)

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, riƙe kuɗinka tukuna. Da me ya gane turbo ya mutu? In da kunne ne kawai, bai gano komai ba. A fara sa mata kwamfuta, kuma a rubuta maka lambobin da suka fito kafin a goge su, don wasu gogewar kawai suke yi su karɓi kuɗi. Ina kyautata zaton za ka ga P0299. Abin da lambar ke nufi shi ne iskar da ke isa inji ba ta kai matsin da ake bukata ba. Ba ta ce turbo ya lalace ba.

Iska tana shigowa ta filta, sensa ta auna ta, turbo ya matsa ta, ta bi tiyo zuwa intakula ta huce, sannan ta shiga inji. Ƙwaƙwalwar motar tana zuba mai ne daidai da iskar da aka auna tun farko. To idan tiyo ya tsage ko kilif ya saki a tsakani, iskar da aka riga aka lissafa sai ta fice, man kuwa an riga an zuba. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, sai baƙin hayaƙi da kasala da tanki na ƙarewa. Alamominka uku ke nan cif, kuma robar da ta haura shekara 20 ba abin mamaki ba ne ta tsage.

A bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har ƙarƙashin bamba, a matsa kowanne da hannu, don tsagar ba ta buɗewa sai an matsa. Duk mahaɗar da ta yi danshin baƙin mai da ƙura, nan ne. In ido bai gani ba, a toshe bakin shigar iska, a hura iska kaɗan, kamar rabin bar a gejin matsin iska, a fesa ruwan omo a kan mahaɗai; inda ya yi kumfa ya tona kansa. Wannan injin kuma yana da ɗan bawul mai mayar da iska idan ka ɗaga ƙafa daga totur, robar cikinsa takan yage, ga bawul ɗin N75, mai daidaita matsin turbo, da ƙananan tiyonsa masu bushewa su karye. Duk kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin turbo ba.

Shi turbon kansa, a kashe mota ta huce, a cire tiyon bakinsa, a kama sandar farfelar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi. Idan tana shiga tana fita, ko fukafukan sun goga jikin gidan, ko motar na hayaƙi shuɗi tana kuka kamar jiniya, to ya tafi. Ko a nan ma sai an nemi abin da ya kashe shi. Injin 1.8T na Passat ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai, siririn bututun da ke kai wa turbo mai yakan toshe. Ka ɗaura wani a kan toshesshen bututu, ka sake biyan kuɗi kafin damina ta wuce.

Tambaya: Da Ford Escape EcoBoost nake haya, kuma bashi na ci na saye ta. Tana karkarwa in na ɗauki lodi, wutar cek tana ƙyaftawa. Sau biyu na canza fulogi cikin wata uku. Wallahi barci ya gagare ni. (Wani matashi, Idi-Araba)

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, in Allah ya so wannan ba ciwon inji ba ne. Amma daina lodi da ita har a gyara. Wutar cek mai ƙyaftawa tana nufin wata silinda ba ta kama wuta, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ƙona indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Kwamfuta za ta nuna silindar: P0301 ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har huɗu. In ta biyu ce, a musanya koyil ɗinta (abin da ke ba fulogi wuta) da na ta uku, a goge lamba, a yi tafiya kaɗan. Ta koma P0303, koyil ne, ɗaya za ka saya ba huɗu ba. Ta tsaya a P0302, a koma kan fulogi da nozul mai fesa mai.

Sai dai fulogi sau biyu a wata uku, ni abu ɗaya na ji a ciki: jabu aka sayar maka. Nan ne zan ɗan tsaya, don wannan ita ce cutar da ke kashe motocin nan a garin Ikko. Fulogin iridiyam (wani ƙarfe mai tauri da ake sawa a tsininsa) na gaske yana yin dubban kilomita masu yawa ba a waiwaye shi ba. Na jabu kwalinsa ɗaya da na gaske, an rubuta NGK ko Denso ko Bosch, amma tsinin bakinsa ƙarfe ne kawai da aka fiƙe. A motar da ba ta da turbo zai iya lallaɓawa ya yi watanni. A mai turbo matsin cikin silinda ya fi yawa, tartsatsi ya fi wuyar tsallakawa, shi ya sa tazarar bakin fulogin irin waɗannan motoci takan tsaya wajen milimita 0.7 zuwa 0.8. Tsinin jabu na cinyewa, tazara ta buɗe, koyil ya yi ta wahala har ya ƙone. Wani lokaci tsinin narkewa yake ya faɗa cikin silinda, a nan kuma ba maganar fulogi ake ba, maganar sauke inji ake.

Abin haushin shi ne mu ke neman abin da kanmu. Mutum ya san nawa ake sayar da iridiyam guda ɗaya, a ce masa ga huɗu a kuɗin ɗaya, ya karɓa yana murna. Araha ba ta ado. Wani kuma ya miƙa wa yaron gareji kuɗin na gaske, ya zauna a benci yana danna waya, ko kwalin bai ce a nuna masa ba. Je ka da kanka, da lambar fulogin da ke littafin motarka. Duba rubutun jikin farin tangaran ɗin ko ya karkace ko yana gogewa, duba zaren ko yana da kaushi, duba tsinin: na iridiyam siriri ne ƙwarai, na NGK milimita 0.6, na Denso har 0.4. Karɓi rasit mai sunan shago. A Ladipo akwai na gaske akwai na bogi, sau da yawa a shago ɗaya, kuma wanda ya fara da "wanne ya fi sauƙi?" ya riga ya zaɓa wa kansa.

Baƙin mai ma haka, har ya fi muni. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a kan siririn mai take yawo. A zuba mata mai kauri irin 20W-50 na durom, ko jabun da aka ɗura a tsohon galan, me ake jira? Nemi sintetik irin wanda littafi ya ce, galibi 5W-30 ko 5W-40, a buɗe hatiminsa a gabanka, ka huda galan in ya ƙare don kada ya koma kasuwa. Da irin gosulon nan, kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka juye ba. Sensar iska kuwa, tsohuwa ta asali da aka wanke da feshinta na musamman ta fi sabuwa marar suna. Kada a wanke ta da fetur, kada a taɓa wayar cikinta da yatsa.

Tambaya: Volvo XC90 ɗina ba ta da wata matsala sai shan mai. Allurar zafi ma ba ta taɓa kaiwa tsakiya tun da aka cire tamostat (bawul ɗin da ke daidaita zafin inji). (Wata Hajiya, Ikeja)

Amsa: Hajiya, matsalar ke nan kika faɗa da bakinki. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwar tana ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta yi ta ƙara mai. Maganar cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, zancen bakin gareji ne. A mayar da shi, in an haɗa fanka dairek a gyara, a wanke lagireto. Sannan ki auna da kyau: cika tanki har famfo ya tsaya, mayar da ƙirgen tafiya sifiri, in ya sauka ki sake cikawa a famfo ɗaya, ki raba kilomita da lita. Ki kuma tuna mota tsaye da AC tana iya shan lita ɗaya ko fiye a awa, don haka wanda ke kwana a cunkoson gadar Third Mainland kada ya gwada kansa da mai zuwa Ibadan.

Tambaya: Na ga tallar wata ƙwaya da ake jefawa a tanki ta rage shan mai da rabi. A ina zan samu? (Mile 12)

Amsa: Malam, da akwai ta da masu ƙera mota sun riga ka. Kuɗin ka sayi filtar iska da su, ka gwada iskar tayoyinka.

Tambaya: An ce indomin motata ya toshe, a fasa a zubar. (Alaba Rago)

Amsa: Yana iya toshewa, kuma toshewarsa na hana turbo juyawa, mota ta ƙi ja a babban titi. Amma a gwada: a kwance sensar hayaƙi ta gaba, a ɗaura geji a gurbinta a auna matsin. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinom, masu saye suna nan suna jira, shi ya sa wasu ke saurin yanke masa hukunci. In ya tabbata ya mutu, a nemi fulogi ko nozul ɗin da ya ƙona shi, a sa wani, kuma tsohon naka ne, ka tafi da abinka.