Buri, Fata da Manufa: Amsoshin Tambayoyin Ɗalibai

Tambaya: Malam, an ba mu insha'i a kan "Burina a Rayuwa". Na rubuta "mafarkina shi ne in zama likita", sai malaminmu ya soke da jan biro. Ina kuskuren? Kuma me ya raba buri da fata da manufa?

Amsa: 'Yata, malaminku yana da gaskiya. Mafarki a Hausa abin da ake gani a barci ne, kuma in aka ce wa mutum "mafarki kake yi", ana nufin abin da yake hange ba mai yiwuwa ba ne. Amfani da mafarki a ma'anar buri daga Turanci aka kwaso shi, ina kuma takaicin yadda yake yaɗuwa a rubutun matasa.

Abin da kike nema shi ne buri, wasu kan ce guri: babban abin da rai ya ƙwallafa a kai. Ana cin buri, ana cim ma buri, buri kuma yakan cika. Sai dai ki kula da "dogon buri". Wannan zargi ne, masu wa'azi na faɗarsa ga wanda ya shagala da duniya ya manta da mutuwa. Ki rubuta "babban burina".

Fata kuwa na abin da ba a hannunki yake ba ne, shi ya sa ake yi wa matafiyi fatan alheri. Manufa daga "nufa" take, kamar a ce "ya nufi Kano", wato inda aka dosa da dalilin dosarsa. Niyya aro ce daga Larabci, ɗaura ta ake yi dab da fara aiki. Ga yadda za ki jera su: "Burina in zama likita. Manufata in kula da mata masu juna biyu a karkara. Na ɗaura niyyar zana JAMB da Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Ina fata in sami gurbi a jami'a."

Tambaya: Malam, ina son zuwa Masar karatu. Ana cewa "tafiya mabuɗin ilimi", amma kakata kullum sai ta ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Wanne ne daidai?

Amsa: Ɗana, ba su ci karo ba. Na farkon ya fito daga al'ummar da ta daɗe da sanin hanya: fatake masu zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, sayen goro, 'yan ci-rani, da masu tafiya gabas, wajen Barno, neman karatun Alƙur'ani. Kalmar almajiri ma daga Larabci take, almuhajir, wanda ya yi ƙaura. Ilimin da karin maganar ke nufi ya wuce na aji, ya haɗa da sanin halin mutane da wayewar kai.

Na kakarka gargaɗi ne. Wanda ya fita ya rasa gatan gida, ba mai lallashinsa a baƙon wuri, in kuma ya daɗe bai leƙo ba sai a saba da rashinsa. A rubutu ka sa na farko inda kake kawo dalilin tafiya, na biyu inda kake bayanin wahalarta ko shirinka na dawowa.

Tambaya: Ina karatu ina koyon ɗinki, sai yayana ya ce "taura biyu ba ta taunuwa". Ya dace a nan?

Amsa: Taura ɗan itace ne mai tauri, baki ba ya iya biyu a lokaci guda. Karin maganar na aiki ne inda abu biyu ke neman lokaci ɗaya, kamar ka tafi shago ranar jarrabawa. In makaranta da safe ce, ɗinki da yamma ko Asabar da Lahadi, taura ɗaya kake tauna a kowane lokaci, don haka yayan naka bai ajiye maganar a muhallinta ba.