Sikima ta ƙi yin kumfa, sannan ta yi ambaliya

Malam, ka ce sabuwar sikimarka, wato na'urar cire datti daga tankin kifin ruwan gishiri, ta kwana 4 ba kumfa, jiya kuma kofinta ya cika ya zube. Kada ka mayar da ita tukuna. Aikinta shi ne hura ƙananan kumfar iska cikin ruwan gishiri, dattin da ya narke ya manne musu, su ɗauke shi zuwa kofi. Sabuwa takan ɗauki sati 1 zuwa 2 kafin maiƙon masana'anta ya wanke, kumfa ta fara tsayawa.

Ambaliyar ce ta fi damuna. Nan Kaduna idan an ɗauke wuta, ruwa yakan gangaro daga tankin kifin ya cika tankin ƙasa da sikimar take ciki, wuta na dawowa sikima ta tashi cikin ruwan da ya fi ƙarfinta. Ni sai famfon da ke mayar da ruwa sama ya daidaita ruwan nake kunna ta. Ka ɗora ta a zurfin da takardarta ta faɗa, ka yi alama a jikin tankin.

Da hunturu ruwa na saurin ƙafewa. Ka riƙa ƙara tataccen ruwa mara gishiri kullum. Ƙura da busasshen gishiri kuma suna toshe bututun iska, ka bar shi ya zuƙi ruwan ɗumi duk sati. Kada ka sa hannu mai man shafawa a ruwan, nan take kumfar take faɗuwa.