Kifin teku a barandar gilashi: ka fara auna ruwan tukuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka rufe barandarka ta Adenta, a Accra, da gilashi, kana so ka kafa tankin kifin ruwan gishiri a ciki, amma wurin yakan ɗauki zafi da rana ya huce da dare, ko kifin zai jure. Na taɓa yin haka a gidana na Madina, shi ya sa na kasa yin shiru.

Gaskiya ban ba ka shawara ba. Kifayen adon nan da ake shigo mana da su, kamar kilawun mai ruwan lemo da ratsin fari, da damsel shuɗi, asalinsu tekun Indiya da Fasifik ne, cikin duwatsun murjani, inda ruwa ba ya saurin canjawa. Digiri 24 zuwa 27 suke so, kuma ya tsaya cik. Hawa da saukan nan ya fi zafin kansa illa.

Tankina lita 200 ne, barandar kuma yamma take kallo. A watan Maris, lokacin da zafin Accra ke kan ganiyarsa, da asuba ma'auni yana nuna 27, kafin la'asar sakaliya ya kai 31. Wata rana aka ɗauke wuta tun da hantsi, injin da ke juya ruwan ya tsaya. Na dawo daga kasuwa na tarar da kifayen duka a saman ruwa suna haki, baki a buɗe. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take, alhali lokacin ne kifin ya fi buƙatarta, ga shi dama ruwan gishiri bai kai na daɗi riƙe iska ba. Bayan kwanaki sai fararen ɗigo suka feso musu kamar an barbaɗa gari, suna ta goga jiki da dutse. Uku na rasa. Wallahi har yau abin yana min ciwo, don ɗaya daga hannuna yake cin abinci.

Sai maganar gishiri, wadda mutane ba sa kula da ita. Zafi yana shanye ruwan, gishirin kuwa yana nan, sai ya yi ta ƙaruwa. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, a ma'aunin gishiri ka riƙe wajen 1.025. Ka ja layi a jikin tankin, kullum ka cike abin da ya ragu da tataccen ruwan daɗi marar kulorin, ba ruwan gishiri ba. Kada kuma ka ɗebo daga bakin tekun Jamestown ko Chorkor, ka san ƙazantar da tafkin Korle ke zubarwa a wajen. Gishirin tanki na buhu za ka saya ka haɗa. Gansakuka kuwa, muddin rana na dukan gilashin, kullum kana cikin kankare ta.

In ka ce lallai sai barandar, to ka sa labule mai kauri, ka sayi babban tanki don ya fi jinkirin ɗaukar zafi. Fanka a saman ruwa tana ɗan taimakawa, amma iskar Accra a jiƙe take, sai da hunturu za ka ga amfaninta sosai. Abin da ke aiki shi ne injin sanyaya ruwan tanki, ka ajiye shi inda zai fitar da zafinsa waje. Ka tanadi ƙaramin injin hura iska mai batir saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta. Gorar ƙanƙara a rufe ta ranar tsananin buƙata ce kawai, don in ta sauke zafin da sauri wata matsalar ce.

Ni dai na mayar da nawa lungun falo, inda rana ba ta kaiwa, tun daga nan hankalina ya kwanta. Kafin ka kashe ko sidi ɗaya a kan kifi, ka cika tankin da ruwa zalla, ka riƙa rubuta abin da ma'auni ya nuna da asuba da kuma la'asar har mako biyu. Ka turo mana lambobin mu duba tare.