Hukuncin Sallar Wanda Na'urar Zuciya Ta Girgiza Shi a Cikin Sahu

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Tahoua. An dasa mini wata ƴar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke harba wa zuciyata lantarki idan bugunta ya rikice. Ran nan ta girgiza ni ina cikin sallar la'asar, har ƙara ta kuɓuce mini. Shin sallata ta inganta? Kuma wasu na cewa gudun ajali nake yi.

Amsa: Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Zancen gudun ajali ba shi da tushe, domin Allah Ya faɗa a ƙarshen suratul Munafiƙun cewa ba Ya jinkirta wa rai idan ajalinsa ya zo, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama ɗan Sharik. Wannan na'ura, wadda aka fara dasa wa ɗan Adam a Amurka a 1980, sababi ce kamar allura da ƙwaya, kuma ina ganin zalunci ne a ƙara wa majinyaci nauyin waswasi a kan wanda yake ɗauke da shi.

Game da salla, abin dubawa shi ne ko hankalinka ya gushe. Idan girgizar ta zo kana sane, alwalarka tana nan, domin lantarki ba ya cikin abubuwan da ke warware ta. Ƙarar da ta kuɓuce maka kuwa hukuncinta na nishin mai ciwo ne, wanda Shaihu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa ba ya wajabta ko da sujadar rafkanwa. Sai ka ci gaba, a tsaye ko a zaune gwargwadon iko, kamar yadda aka umarci Imrana ɗan Husaini.

Amma idan ka suma, ko da na ɗan lokaci ne, kamar yadda kan faru idan jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa kafin na'urar ta harba, to alwala ta warware, sai ka sake ta ka sake sallar. Idan suman ya cinye lokacin sallar baki ɗaya, babu ramuwa a kanka, kamar yadda ya zo a Risala.

Idan girgizar ta maimaitu, ko ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ƙi sakinka, ka yanke sallar a kai ka asibiti, domin tsare rai wajibi ne, salla kuma ana rama ta. Ko sau ɗaya ta harba, ka sanar da likitanka. Kada tsoro ya raba ka da jam'i. Ka shaida wa liman da maƙwabtan sahunka halin da kake ciki, su san cewa wanda kafaɗarsa ke jingine da taka ba zai cutu da lantarkin ba, kuma su riƙe ka idan ka tafi luu.

Allah ne Mafi sani.